Wa ke karɓar kuɗin tallafin farashi a gundumomin noma na Amurka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ji ana cewa a Amurka idan farashin hatsi ya faɗi, gwamnati ce ke cike wa manomi giɓin. Shin kowane manomi a gunduma ake ba wa, ko akwai waɗanda ake warewa? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma tun dokar 1933 ta zamanin Shugaba Roosevelt gwamnatin tarayya ke sa hannu a farashin amfanin gona. Sai dai wannan kuɗi gona yake bi, ba buƙatar manomi ba.

Da farko, ba kowane amfani ke ciki ba. Masara, alkama, waken suya, auduga, shinkafa, gyaɗa, dawa da wasu kaɗan ne a lissafin. Mai lambun tumatir ko itatuwan marmari ba shi da rabo a nan, komai asarar da ya yi. Dokar 2014 ta kafa shirye-shiryen tallafi biyu: PLC, mai biya idan farashi ya faɗi, da ARC, mai biya idan kuɗin shigar amfanin gona ya ragu. A PLC ana yanka farashin ma'auni, misali dala 3.70 kan awon masara da suke kira bushel, wato kimanin kilo 25. Idan matsakaicin farashin shekara ya gaza haka, a biya bambancin. Dokar 2025 ta ɗaga farashin ma'aunin masara zuwa dala 4.10.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake ƙirga gonar. Ofishin hukumar FSA na gunduma, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar noma, yana riƙe da rajistar yawan ekar da aka saba shuka kowane hatsi a kowace gona tun shekarun baya. A kan kashi 85 cikin ɗari na wannan tsohon lissafi ake biya, ko me aka shuka bana. Mai eka dubu uku zai kwashi abin da mai eka ɗari bai taɓa mafarkinsa ba.

Mai gonar da ya ba da haya fa? In tsabar kuɗi yake karɓa, tallafin na mai noman ne, ko da yake masu gona sukan ƙara kuɗin haya saboda sun san da shi. In kuwa amfanin suke rabawa, yana da kasonsa, ko da a birni yake zaune.

Akwai iyaka: dala 125,000 ga mutum ɗaya a shekara, wadda aka mayar 155,000 a 2025. To amma ga mutum ɗaya aka ce, ba ga gona ɗaya ba. Idan gonar haɗin gwiwa ce ta dangi, duk wanda aka rubuta yana da hannu a gudanar da ita zai iya cin nasa kason, kuma dokar 2018 ta shigar da 'ya'yan 'yan'uwa da 'ya'yan baffanni da kawunnai. Wannan ƙofa ce ta fi damuna, domin tabbatar da cewa mutum yana "gudanarwa" daga nesa abu ne mai wuya.

Wata ƙungiya mai zaman kanta mai fafutukar kare muhalli, EWG, tana wallafa sunayen masu karɓa gunduma-gunduma a intanet, tun daga na shekarar 1995. Alƙalumanta sun nuna kashi 10 na sama cikin masu karɓa sun kwashe fiye da kashi 70 na kuɗin. Ni a ganina matashin da ya fara noma a ƙaramar gonar haya shi ya fi cancantar wannan kariya, kuma shi ne ke samun mafi ƙanƙanta.