Amsa ga Hajiyar da ɗanta ke raba dare

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana zuri'a. Na karanta tambayarki a kan yaronki ɗan shekara 17 da ke aji shida na sakandare, wanda ba ya runtsawa sai wajen ƙarfe ɗaya na dare, tashinsa da asuba kuma sai an yi da gaske, ga shi yanzu ya ce zai fara kwana karatu saboda jarrabawa ta matso. Kin tambaya ko lalaci ne, kuma ko a ƙyale shi ya yi karatun daren. Na ga masu cewa a watsa masa ruwa, na ga masu cewa a ƙwace waya a huta. Ni malamin makarantar kwana ne, na daɗe ina kula da ɗakin kwanan samari sa'o'insa, kuma zancen nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Abin da na fara lura da shi ke nan: 'yan aji ɗaya, ƙarfe tara ba ta cika a karatun dare sai ka ga kawuna sun kife a kan tebur, wani har miyau ya jiƙa littafi. Waɗannan yaran dai, ba wasu ba, idan suka kai aji biyar ko shida, sai a kashe fitila ƙarfe goma amma ka zagayo sha ɗaya da rabi ka tarar idonsu biyu, ana ta hira ƙasa-ƙasa a cikin duhu. Har da nagartattun cikinsu, masu ladabi da riƙon addini. A makarantarmu kuwa ba a yarda ɗalibi ya riƙe waya ba. Don haka ba zan yarda a ɗora wa waya laifin duka ba, ba kuma zan yarda a ce duk yaran nan tarbiyya ce ta gaza.

Akwai agogo a jikin ɗan Adam. Wani ɗan gungu ne na ƙwayoyin jijiya kusan 20,000 a can ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna. Shi ke tsara lokacin jin barci, da lokacin da zafin jiki ke sauka, da lokacin da ake sakin sinadarin melatonin mai sanar da jiki cewa dare ya yi. A 2017 aka ba wasu Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel ta fannin likitanci saboda gano yadda wannan agogo ke aiki a cikin ƙwayar halitta. A jikin ƙananan ƙudajen da ke bin rubabbun 'ya'yan itace suka yi binciken, suka ga wani furotin da ke taruwa da dare ya narke da rana, kullum haka. Binciken Charles Czeisler na jami'ar Harvard a 1999 kuma ya nuna cewa idan aka raba mutum da alamun dare da rana, agogonsa na zagayowa ne a awa 24 da kusan minti 11. Wato kullum yana ɗan yin latti, hasken safiya da ya shiga ido ne ke gyara masa saiti.

To ga inda ya shafi ɗanki. Mary Carskadon ta jami'ar Brown ta shafe shekaru tana nazarin barcin matasa, ta nuna cewa da balaga ta kankama, sakin melatonin kan yi jinkiri, har ya kan kai awa biyu. Till Roenneberg na Munich a Jamus, da ya tattara bayanan dubban mutane, ya gano cewa lattin nan na ƙaruwa har zuwa wajen shekara 19 da rabi ga mata, 21 ga maza, daga nan ya fara dawowa da kansa. Yaron da kika tura ɗaki ƙarfe tara ya kwanta yana juye-juye ba taurin kai yake miki ba, jikinsa ne bai shaida dare ya yi ba tukuna. Matsalar ita ce har yanzu yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, asuba kuma ba ta jira.

A Amurka, maganin da suka nema shi ne jinkirta shiga aji. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta ba da shawara a 2014 cewa kada sakandare ta fara kafin 8:30. Birnin Seattle ya mayar da nasa daga 7:50 zuwa 8:45 a 2016, aka auna aka ga ɗalibai sun samu ƙarin barcin minti 34 a kowane dare, makinsu ya ɗan ɗaga, latti da fashin zuwa suka ragu a makarantar da 'ya'yan talakawa suka fi yawa. Mu ba za mu matsar da asuba ba, ba kuma ke za ki canja wa makaranta lokaci ba. Abin da ke hannunki shi ne haske. A 2013 Kenneth Wright na jami'ar Colorado ya kai wasu mutane daji suka yi mako guda a tanti, babu lantarki, sai rana da wutar itace. Da suka dawo, agogon jikinsu ya matso gaba, wato ya koma da wuri, da kusan awa biyu, kuma masu raba dare a cikinsu su suka fi canjawa. Ranar da Allah ya hore mana a nan ta fi ƙarfin kowane ƙwan lantarki nesa ba kusa ba, amma yaranmu daga ɗaki mai labule suke faɗawa aji, da dare kuma su manna fuska a kan allon waya.

Maganar kwana karatu kuwa, Hajiya, kada ki yarda. Nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Na sha kama yara ƙarfe uku na dare a aji, an tsoma ƙafafu a bokitin ruwan sanyi, an haɗiye garin kofi a bushe, ana bin layi da tocila. Washegari a ɗakin jarrabawa ka ga ido ja wur, yaro ya riƙe biro yana kallon tambayar da ya karanta amsarta awa biyar da suka wuce, abin ya ƙi zuwa. Wani ya kife a kan takardar amsa sai mai sa ido ya taɓa shi. Abin da mutum ya koya da rana, a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke sake bitarsa ta mayar da shi ma'ajiya mai ɗorewa. Karatu ba barci zuba ruwa ne a kwando. A 2004 masu bincike a jami'ar Lübeck ta Jamus sun ba mutane wani aikin lissafi mai ɓoyayyiyar gajeriyar hanya. Cikin waɗanda suka yi barcin awa takwas kafin su sake gwadawa, kusan kashi 60 cikin ɗari sun gano hanyar, waɗanda ba su yi barci ba kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Yadda ake karatun ma abin dubawa ne. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna a 2006 cewa ɗaliban da suka karanta rubutu a zama ɗaya suka rufe suka riƙa ƙoƙarin tuno shi sun riƙe kashi 61 bayan mako guda, masu maimaita karantawa kawai suka tsaya a kashi 40. Duk wanda ya zauna da mahaddata ya san wannan: a biya kaɗan, a rufe allo a kawo da ka, a kwana, a yi tilawa da asuba, a dawo kansa bayan kwanaki. Ki ce wa yaronki ya yi wa Kimiyya da Lissafi abin da ya yi wa haddarsa ta Islamiyya, ya riƙa amsa tsofaffin tambayoyin jarrabawa littafi a rufe.

Abin da na ga yana aiki a wurin yaranmu ba shi da wuya, sai dai yana son haƙuri. A tsayar da lokacin tashi guda ɗaya har Asabar da Lahadi, domin barcin ramuwa har sha ɗaya na rana shi ke rushe duk abin da aka gina a mako. Da gari ya waye ya fito tsakar gida, ya yi shara ko ya karya kumallo a waje, ya sha hasken hantsi ko na minti ashirin ne. Lokacin kwanciya kuma kada a fizgo shi daga ƙarfe ɗaya zuwa tara a dare guda, ba zai yiwu ba, faɗa kawai za ku yi. A riƙa matso da shi da minti 15 ko 20 duk bayan kwana biyu-uku har ya iso goma. Bayan isha'i a rage hasken ɗaki, waya ta kwana tana caji a ɗakinki, kuma ki yi wannan da shawararsa, saurayi ne yanzu. Kofi da goro da lemon ƙara kuzari da shayi mai kauri su tsaya daga azahar, domin wani bincike na 2013 ya nuna maganin kafeyin da aka sha awa shida kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa guda. Daga goma zuwa biyar awa bakwai ne kacal, don haka ya rage giɓin da ƙailula ta rabin awa bayan ya dawo makaranta, amma ba bayan la'asar ba.

Kada ki saya masa maganin barci a kemis. Idan an yi wata guda ana wannan tsari babu canji, ko kin lura yana minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa, ko ya daina walwala ya janye daga mutane, ko yana ramewa, ko kina zargin ya fara shan wani abu, to ki kai shi asibiti likita ya duba shi. Allah ya ba shi sa'ar jarrabawa, ya shirya mana su baki ɗaya.