Lambar bugun zuciya na tsalle a na'urar yatsa

Ka ce na'urar auna oksijin ta yatsa da ka sayo wa Baba, lambar bugun zuciya tsalle take ta yi, yanzu 72 anjima 130, ko ta lalace ne. A'a Malam, galibi lafiyarta ƙalau, motsi ne ko sanyin yatsa ke ruɗa ta. Ai ba zuciyar take saurara ba, haske biyu take harbawa ta cikin yatsa, ja mai 660 nm (nanomita, ma'aunin tsawon zangon haske) da wani mai 940 nm da ido ba ya gani, sai ta ƙirga ɗan canjin hasken duk sanda jini ya bugo, kuma canjin nan ɗan mitsitsi ne, shi ya sa rawar hannu kaɗan sai ta ɗauka bugu ne. Tana tace hayaniyar, tana haɗa bugun daƙiƙu da yawa kafin ta fito da lamba, amma tacewar na da iyaka.

Na gani da tsohuwata da asuba lokacin hunturu, yatsu sun yi sanyi ƙarara, lamba ta ƙi zama, sai da na murza mata hannu ya yi ɗumi, ta ɗora shi a cinya, muka jira kamar daƙiƙa 30 sannan ta tsaya. Amma fa in kun yi duk wannan, zanen bugun da ke hawa da sauka kamar igiya a allon na'urar ya fito tsaf kuma har yanzu lambar tana tsalle, ka taɓa jijiyar wuyan hannunsa ka ƙirga minti ɗaya cur, in bugun kansa ba ya tafiya daidai, ku je asibiti a yi masa ECG, wato gwajin da ke zana yadda zuciya ke bugawa.