Ku Tambaya Mu Amsa: "Charge" ba cajin waya kaɗai ba ne

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aiki a wani otal a Misfala, nan Makka, kuma da yawa daga cikin baƙinmu ba sa jin Larabci, sai Turanci. Kullum sai na ji "charge" a bakinsu, a wajen waya, a wajen biyan kuɗi, har wani ya tambaye ni, "Who is in charge?" Ni cajin waya kawai na sani. A warware mini.
Mai karatu daga Makka

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kalmar ta shigo Turanci ne daga tsohon Faransanci, kuma asalinta ɗora kaya. Dangi ɗaya suke da "cargo". Ka riƙe "ɗorawa" a ranka: a ɗora wa batir wuta, a ɗora wa mutum kuɗi, ko nauyi, ko laifi. Larabawa ma haka suke yi da "shahan", da ita ake aika kaya, da ita ake cajin waya, da ita ake sa kati a layin STC ko Mobily.

Ta kuɗin ce za ta fi shafarka, domin a nan ake rigima. Baƙo ya ce, "How much do you charge?", yana nufin nawa kuke karɓa. "Extra charge" ƙarin kuɗi ne, kamar na gadon da aka ƙara a ɗaki. "Free of charge" da "no charge" kuwa kyauta ke nan, ko halala ɗaya ba za a biya ba. A kula a nan: "no charge" a bakin mai karɓar kuɗi kyauta ce, amma in baƙo ya miƙo waya yana cewa haka, batirinsa ne ya mutu, caja yake nema. Ka dubi abin da ke hannunsa kafin ka amsa. In ya ce, "Charge it to my room", to a rubuta a lissafin ɗakinsa, zai biya ranar tafiya. Ka nemi lambar ɗakin da sa hannunsa, in ba haka ba ranar sallama ya ce bai san zance ba.

Wanda ya zo a fusace yana cewa, "You charged me twice", an cire masa kuɗi sau biyu ne a kati. "Overcharge" kuma an tsuga masa fiye da ƙa'ida. Sau tari harajin VAT ne bai gane ba, wanda Saudiyya ta mayar kashi 15 cikin ɗari tun Yulin 2020: abin riyal 200 ya zama 230. Nuna masa layin harajin a rasit, magana ta mutu.

"Who is in charge?" tambaya ce ta wa ke da alhakin wurin. Ba caja yake so ba, manaja yake nema, kuma galibi mai faɗin haka ransa ya riga ya ɓaci. Kada ka ce "I am" in ba kai ba ne, don duk ƙorafin kanka zai dawo. Ka ce, "I will call the manager."

Saura ta shari'a, wadda mutanen Najeriya suka sani a "caji ofis". "He was charged with theft" na nufin an tuhume shi da sata. Tuhuma ce kawai, kotu ba ta kama shi da laifi ba tukuna. Ƙaramar kalmar da ke biye ita ke rarrabewa: "charged with" tuhuma, "charged for" kuɗin abu.