Hukuncin Jefa Bam Mai Bin Hasken Leza a Wasan Jirgin Yaƙi na Kwamfuta

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni saurayi ne haifaffen Jidda, ina aiki a shagon gyaran wayoyi da kwamfutoci. Idan na tashi aiki da dare nakan yi wani wasa mai suna DCS World, wanda yake kwaikwayon tuƙin jiragen yaƙi na gaske irin su F-16, da maɓallansu da makamansu. Abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne jefa bam mai bin hasken leza a kan tankoki da gadoji da rumbunan makamai. Kawuna ya ce haramun ne, wai koyon kisa nake yi, ga shi kuma wasu taswirorin wasan na ƙasashen Musulmi ne, kamar Siriya da Iraƙi da yankin Tekun Fasha. Wani abokina kuma ya ce lada ma nake samu, tunda Annabi (SAW) ya kwaɗaitar da koyon harbi. Sannan akwai goggona da ta zo daga Omdurman ta ƙasar Sudan bayan ɓarkewar yaƙi, tana zaune tare da mu, kuma na lura duk sanda ƙarar jirgin ta tashi daga ɗakina sai ta bar falo ta shige ɗaki. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, asalin wannan wasa halas ne, babu zunubin kisa a kanka, haka nan babu ladan tanadin yaƙi da abokinka yake raya maka. Amma halascin yana da iyaka ta fuskar abin da kake zaɓa ka jefa wa bam, yana kuma da wata iyakar a cikin gidanku, wadda a wurina ta fi sauran tambayar nauyi ko da yake ka ajiye ta a ƙarshe.

Malaman usulu sun ce yanke hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa, don haka sai mu fara da sanin makamin da wasan yake kwaikwaya. Bam ne da ba shi da inji, faɗowa kawai yake yi, sai dai an ɗaura masa ido a hanci da fikafikai masu karkata shi. Matuƙi yana duba ƙasa ta kyamarar da ke rataye a jikin jirgin, ya aza alamar saiti a kan abin da yake so, ya haska shi da leza mai ɗauke da lamba ta musamman, ita ce lambar nan 1688 da kuka saba gani, sai idon bam ɗin ya kama hasken da ya dawo daga wurin ya bi shi har ya sauka. Wani lokaci wani jirgin ne ko wani soja a ƙasa yake haskawa. Idan gajimare ko hayaƙi ko ƙura suka shiga tsakani, ko aka kashe hasken kafin lokaci, bam ɗin ya rasa jagora. Amurka ce ta fara amfani da irinsa a yaƙin Biyetnam a 1968, kuma sunansa ya fito a watan Mayun 1972, lokacin da aka karya gadar Thanh Hoa da shi bayan ɗaruruwan hare-hare da bama-bamai na gama-gari sun kasa rushe ta tun 1965. A cikin wasan, duk wannan lissafi ne da zane a kan allo, babu rai da ya fita, babu dukiyar da ta salwanta.

Daga nan amsar kawunka take fitowa. Ƙa'ida ita ce asalin al'amuran rayuwa halasci ne har sai dalili ya zo da hani, kuma kamannin yaƙi a cikin wasa bai isa ya zama dalilin hani ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da masunsu a cikin masallacin Annabi (SAW), ya tsaya yana kare Nana A'isha da mayafinsa tana kallo har ta gaji don kanta. Wannan wasan makami ne na ƙarfe, a hannun mutane, a wuri mafi alfarma a Madina, bai hana ba. Wanda kuwa zai kafa hujja da hadisin da ya ce mala'iku suna la'antar wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe, ko kuma da hanin da aka yi na mayar da abu mai rai abin gwajin harbi, sai mu ce masa illar hanin a wurare biyun a fili take: akwai mutum na gaske da zai firgita ko ya ji rauni, akwai tsuntsu na gaske da ake azabtarwa, kamar wanda Abdullahi ɗan Umar ya tarar samarin Ƙuraishawa sun ɗaure suna harbi. Tankar da ke kan allonka ba ta jin tsoro, ba ta jin zafi.

Ba kuma za a haɗa shi da nardu ba, wato wasan allo da ake jefa ƙwaya mai ɗigo-ɗigo a cikinsa, wanda Muslim ya ruwaito cewa mai yin sa kamar ya tsoma hannunsa ne cikin naman alade da jininsa, domin nardu a kan sa'ar jefa ƙwaya ya dogara, wannan kuwa a kan koyo da lissafin tsawo da gudu da iska. Ya fi kusa da shaɗaranji, wato wasan da Turawa ke kira chess, wanda magabata suka yi saɓani a kansa: Imam Malik ya ce babu alheri a cikinsa, Imam Shafi'i ya tsaya a kan karhanci, wasu suka haramta. Babban abin da ya sa suka tsananta shi ne yadda yake cinye hankali ya shagaltar da mutum daga salla, kuma wannan illa tana nan daram a wasanka, zan dawo kanta. Batun hoto kuwa ba zan tsawaita ba, domin malamai da dama na wannan zamani ba sa shigar da surar da take bayyana a allo ta ɓace cikin hanin sassaƙa da zane.

Maganar abokinka ma ba ta tsaya ba. Gaskiya ne Muslim ya ruwaito daga Uƙbatu ɗan Amir cewa Annabi (SAW) ya karanta ayar Suratul Anfal, «Ku yi musu tanadin abin da kuka iya na ƙarfi», sannan ya ce har sau uku, «Ku saurara, ƙarfi shi ne harbi.» Sai dai tanadi abu ne da ake yi don a yi aiki da shi, a ƙarƙashin hukumar da ke da alhakin tsaron ƙasa. Ɗalibin kwalejin sojan sama da aka zaunar gaban na'urar kwaikwayo don ya kare ƙasarsa, shi ne zai yi fatan wannan lada gwargwadon niyyarsa. Kai kuwa hutawa kake yi bayan aiki, kuma hutu ba abin kunya ba ne da sai an sa masa rigar ibada. Ina ƙin wannan fassarar ne musamman saboda na ga inda take kai samari: wanda ya ɗauki wasa jihadi ba ya ganin laifinsa idan ya kwana a kai, wani kuma sai ya fara sha'awar yaƙin kansa, alhali Annabi (SAW) ya ce kada ku yi burin haɗuwa da maƙiyi, ku roƙi Allah lafiya.

Yanzu ga inda kawunka yake da kaso na gaskiya, ko da bai faɗe shi ta wannan hanya ba. Bam na gama-gari yana iya kauce wa inda aka nufa, mai jefa shi ya ce kuskure ne. Wannan kuwa inda aka nuna masa yake zuwa, saboda haka nauyin duka ya koma kan wanda ya aza alamar. A daren 13 ga Fabrairun 1991, jiragen Amurka samfurin F-117 sun jefa irin wannan bam guda biyu a kan mafakar Amiriyya da ke Bagadaza, bisa da'awar cewa cibiyar ba da umarnin soja ce. Bama-baman ba su kauce ba, sun huda rufin kamar yadda aka tsara, mutane fiye da 400 suka mutu, mafi yawansu mata da yara da suka shiga neman tsira. Hoton da matuƙi yake gani, baƙi da fari, gini ƙarami da alama a tsakiyarsa, sai hayaƙi ya tashi ba tare da an ji kukan kowa ba, shi ne dai hoton da wasanka yake nuna maka. Abin da nake ji maka tsoro shi ne ido ya saba da wannan hoton har ya daina tambayar wane ne a ƙarƙashin rufin, ta yadda idan ka ga irinsa a labarai, na gaske, abin da zai fara zuwa zuciyarka shi ne yaba kyan saitin.

Shari'a ba ta bar zaɓin abin hari ga son ran mayaƙi ba ko a yaƙi na gaske. An tarar da wata mace an kashe ta a ɗaya daga cikin yaƙoƙi, sai Annabi (SAW) ya hana kashe mata da yara, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Umar. Imam Malik ya kawo wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura shi Sham, cewa kada ya kashe mace ko yaro ko tsoho tukuf, kada ya sare itace mai 'ya'ya, kada ya rushe wurin da ake zaune, kada ya yanka akuya ko raƙumi sai don ci. Ayar 40 ta Suratul Hajji kuma ta ambaci ɗakunan ibadar ruhubanawa da coci-coci da wuraren ibadar Yahudawa da masallatai a jere, a matsayin abin da Allah yake karewa daga rushewa. Bisa haka, abin da nake gani shi ne jefa bam a wasan a kan tanka ko jirgi ko rumbun makamai ko na'urar hango jirage babu laifi, amma nufar masallaci ko wani wurin ibada da gangan don nishaɗi bai halatta ba, domin wasa ne da alfarmar abin da Allah ya girmama, kuma ana jiye wa mai yin sa tsoron abin da ya fi zunubi idan da izgili ya yi. Nufar asibiti ko kasuwa ko motar fasinja ko gidajen mutane da gangan, mafi ƙarancin hukuncinsa karhanci ne mai tsanani, ya kuma kai ga haramci idan ya zama abin jin daɗi ko aka ɗauke shi ana yaɗawa ana dariya. Ba don an kashe wani ba ne, sai don horar da zuciya ne a kan son abin da Allah ya ƙi. Idan bam ya kauce maka ya faɗa inda ba ka nufa ba, babu komai a kanka.

Sunan ƙasa a taswira shi kaɗai ba ya haramta wasan, domin tsauni da teku da titin sauka ba su da alhakin kowa. Amma idan aikin da aka tsara maka maimaita wani hari ne na gaske da aka kashe bayin Allah a cikinsa, ko labarinsa ya ginu a kan cewa Musulmi su ne abin farauta, ka bar shi. Ba ka da uzurin cewa haka ka tarar, tunda wasan yana ba ka damar tsara aikinka da kanka, akwai kuma taswirar filin atisaye ta Nebada a Amurka wadda dama don gwaji aka yi ta.

Sai batun lokaci da kuɗi. Fita ɗaya a irin wannan wasa, daga tayar da inji zuwa sauka, tana iya cin awa ɗaya ko fiye, kuma idan kuna tare da abokai ta intanet galibi ba a iya dakatar da ita. Ka duba lokacin salla kafin ka tashi, kada a kira Isha ko Asuba kana cewa bari in sauke jirgi. Allah ya ambaci toshe mutane daga ambatonsa da salla a cikin dalilan haramta giya da caca a Suratul Ma'ida, kuma duk wasan da ya kai mutum ga fitar da salla daga lokacinta ya zama haramun a kansa a wannan hali, komai tsabtar asalinsa. Sayen jirage da taswirori da sandar tuƙi da kuɗinka halas ne matuƙar bai taɓa haƙƙin iyaye ko bashi ba. Gasar da kowa zai zuba riyal wanda ya ci ya kwashe kuwa caca ce, kada ka shiga.

Game da goggonka, ɗana, nan ba na cewa karhanci. Yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, kuma mutanen Khartum da Bahri da Omdurman sun yi watanni suna jin jirage a kansu ba su san gidan da za a sauke wa ba. Ƙarar da kake ƙara wa lasifika don ka ji daɗin wasa, ita ta san ta a wani wuri dabam, kuma tashinta daga falo ba tare da ta ce maka komai ba kawaici ne irin na manya. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai suna cikin tafiya, ɗayansu ya yi barci, wani ya ɗauke igiyarsa da wasa, ya farka a firgice, sai Annabi (SAW) ya ce, «Bai halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi ba.» Igiya ce kawai, kuma da wasa aka yi. A baya ba ka sani ba, babu laifi a kanka, amma yanzu da ka lura, sakin wannan ƙara inda za ta ji haramun ne, ga kuma haƙƙin zumunci da na baƙunci a kai. Ka sa abin ji na kunne, ka rufe ƙofarka, ka juya allon yadda ba za ta gani ba idan ta wuce, kada kuma ka riƙa ba da labarin abin da ka rushe a gabanta. Idan ɗakin ya yi ƙunci har hakan ba zai yiwu ba, to ka bar wasan a gida muddin tana tare da ku.

Kawunka kuma kada ka kai masa wannan amsa da sigar wanda ya ci nasara. Ka nuna masa abin da kake yi da abin da ka daina, idan duk da haka ransa bai kwanta ba, kada ka kunna a gabansa.

Wallahu a'alam.