Me ya sa ba ma yin Sallah a Kaduna?

Ɗana, saƙonka ya iso. Kana tambayar dalilin da duk Sallah muke kwashe iyali mu nufi Zariya, alhali a Kaduna aka yanke maka cibiya, kuma me ya hana gari kamar wannan hawan Sarki.

To, ka taɓa ganin ganuwa a Kaduna? Ko ƙofar gari? Babu, domin zana garin aka yi a takarda kafin a kafa shi. Tun 1902 hedkwatar Turawan mulkin Arewa tana Zungeru, zafi da sauro suka ishe su. Gwamna Lugga ya zaɓi bakin wannan kogi a 1913, saboda ga ruwa, ga hanyar jirgin ƙasa ta Legas zuwa Kano, kuma babu fadar wani babban sarki kusa da za a riƙa yi wa kara. Sojoji aka fara kawowa, a 1917 gwamnati ta tare. Har gadar ƙarfensa ta Zungeru aka kwance aka kawo, ita ce wadda kake gani a lambun Gamji. Kada ka ji ana cewa daji ne babu kowa. Gbagyi suna noma a nan tun kafin Bature ya zo. Sunan kuwa, mu Hausawa muna cewa daga kadunan kogin ne.

Sai aka yanka unguwanni. Turawa a GRA, unguwar da gwamnati ta keɓe musu, aka bar fili tsakaninsu da baƙar fata wai don gudun zazzaɓi, akawuna da leburori kuma a Sabon Gari da Tudun Wada. Kowa aiki ya kawo shi, kowa da garinsu a zuci. Kakanka ma masaƙar Kakuri ce ta jawo shi bayan an buɗe ta a 1957, kuma har Allah ya karɓi abinsa bai taɓa cewa "gida" yana nufin Kaduna ba.

Hawa kuwa gaisuwa ce, hakimai ke zuwa yi wa Sarki jahi. Ƙasar nan ta Zazzau ce, Sarkinta yana Zariya, can dawakan za su taru. Manyan hawan da Kaduna ta gani, irin na Sarauniyar Ingila a 1956 da na FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, gwamnati ce ta gayyato sarakuna, aka gama kowa ya koma garinsu.

Ka gaya wa mahaifiyarka ranar jajibere za mu tashi bayan asuba, kafin motoci su cunkushe a Kawo.