Faɗa-wutar da ke ɓoye adonta: mece ce, kuma me launin yake yi mata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jihar Pensilbaniya ta Amurka. A watan Yuli na shiga wani kurmi, na dafa jikin wata bishiya, sai wani ƙaramin ƙwaro ya tashi daga ɓawonta, fukafukansa na ciki ruwan ɗorawa da baƙin gefe. Ya sauka a wata bishiyar a kan idona, amma na neme shi na rasa. Wane ƙwaro ne wannan, kuma mene ne amfanin launin da ba a gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka siffanta faɗa-wuta ce daga zuriyar da masana suka raɗa wa suna Catocala tun shekarar 1802, sunan da aka haɗa daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "ƙasa" da "kyakkyawa", wato mai kyau daga ciki. Zuriyar tana da jinsi kusan 250, kuma fiye da 100 daga cikinsu suna Arewacin Amurka. Bisa ƙanƙantarta da wuri da lokacin da ka gan ta, na fi kyautata zaton Catocala amica ce, wadda faɗin fukafukanta a buɗe bai wuce milimita 35 zuwa 40 ba. Alamarta ita ce fiffiken ciki ba shi da baƙin zanen tsakiya irin na yawancin danginta, sai na gefe kaɗai da wani ɗigo a kusurwa. Tana da 'yar'uwa mai suna Catocala lineella, wadda kamanninsu ya sa aka daɗe ana ɗaukarsu jinsi guda.

Rayuwarta kacokan a jikin bishiyar ok (oak da Turanci) take, wadda masana ke kira Quercus. Macen tana saka ƙwai a tsagar ɓawo a ƙarshen lokacin zafi, ƙwan ya kwana a nan har hunturu ya wuce, sannan ya ƙyanƙyashe daidai lokacin da bishiyar ke fitar da sabon toho, domin ɗanyen ganye shi ne abin da ƙaramar tsutsa za ta iya ci. Tsutsar tana kiwo da dare, da rana kuma ta miƙe a jikin reshe har ta zama kamar wani sashe nasa. Idan ta ƙosa sai ta saƙa wa kanta sassauƙan gida a cikin ganyaye, daga nan ta fito da fukafukai tsakanin Yuni da Satumba. Sau ɗaya ake wannan zagaye a shekara. Babbar ba ta cin ganye, ruwan da ke tsatsowa daga raunin itace da ruɓaɓɓun 'ya'yan itatuwa take sha, shi ya sa masu nazarinta kan shafa kwaɓin sukari da ruɓaɓɓiyar ayaba a jikin bishiya da magariba, su dawo da tocila.

Batun launi shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Kariyarta ta farko ita ce fukafukan waje masu ruwan toka, waɗanda ke sajewa da ɓawo, kuma su ke rufe na cikin ruf idan ta zauna. Launin ɗorawar ba ya fitowa sai ranar da wannan kariya ta gaza. Idan tsuntsu ya kai mata sara, sai ta buɗe shi ba zato, tsuntsun ya razana na ƙiftawar ido, ita kuwa ta tsere. Bayan haka idon mai farauta yana neman abu mai haske, alhali da ta sauka ta naɗe fukafukanta ta koma ɓawo. Abin da ya same ka ke nan.

An gwada wannan a kan wani shuɗin tsuntsun Amurka ɗan dangin hankaka. A 1985 Debra Schlenoff ta nuna cewa tsuntsayen da suka saba da fiffike mai ruwan toka suna razana idan mai launi ya bayyana, amma bayan 'yan gwaje-gwaje sai su saba, har sai an kawo musu wani sabon launi su sake razana. Tun kafin nan, a 1979, Alexandra Pietrewicz da Alan Kamil sun gano cewa tsuntsun yana ƙwarewa wajen hango jinsi ɗaya na faɗa-wutar idan shi yake gani a jere, amma ƙwarewar ba ta samuwa idan an gauraya jinsunan. A ganina waɗannan binciken biyu sun taimaka ƙwarai wajen fahimtar dalilin da ya sa jinsuna masu yawa ke zama a kurmi guda, wannan ja, wancan ruwan ɗorawa, wani kuma baƙi ƙirin: tsuntsu ba ya samun damar sabawa da ɗaya.

Da dare launi ba ya tsinana mata komai, domin jemage da sauti yake farauta. Saboda haka tana da kunnuwa biyu a gefen ƙirjinta masu jin kukan jemagen da kunnen ɗan'adam ba ya kamawa, kuma da ta ji shi sai ta sauya hanya ko ta faɗo ƙasa.

In ka koma kurmin, ka tafi da rana tsaka, ka riƙa bubbuga jikin bishiyoyin ok a hankali da sanda, ka bi ta da ido har inda za ta sauka, sannan ka matsa sannu a hankali ba tare da inuwarka ta faɗa kanta ba.