Amsoshin tambayoyinku kan koyon mod a jitar bas

Tambaya: Sai na sayi bas mai tsirkiya biyar kafin in fara koyon mod?

Amsa: A'a. Mod dai jeri ne na sautuka bakwai da ke farawa daga wani sauti na tushe, kowane mod da nasa tsarin tazara tsakanin sautukan. Tsirkiyoyi huɗun da aka saba gani a bas, E, A, D da G, sun ishe ka kaɗa mod bakwai gaba ɗaya. Ta biyar sautin B na can ƙasa kawai take ƙara maka, kuma na gaji da masu ɗora wa kayan kiɗa laifin rashin atisayensu.

Tambaya: Na haddace dukkan mod ɗin, amma a kunnena duk ɗaya suke. Ko dai ba ni da kunne ne?

Amsa: Kwantar da hankalinki, ƙanwata, kunnenki lafiyarsa lau. Mod ɗin Doriyan da ya fara daga D da mod ɗin Ayoniyan da ya fara daga C sautuka bakwai iri ɗaya suke ɗauke da su, saboda haka idan kina bin su a jere kamar karatun hadda, ba za ki ji bambanci ba. Ki bar tsirkiyar A tana amo ba tare da kin danne ta ba, ki kaɗa Doriyan daga A, sannan mod ɗin Iyoliyan daga A. Sauti na shida ne kaɗai ya raba su, kuma ranar da kika kama shi, sauran za su zo miki da sauƙi.

Tambaya: Na samu bas mai tambarin Fender da araha sosai. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, araha ba ta ado. Tun da kamfanin Fender ya fitar da bas ɗinsa mai suna Precision Bass a 1951 sunan ya yi daraja, kuma wannan darajar ce masu jabu suke ci, domin manna tambari ba wuya ba ne. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne illar da jabu ke yi wa mai koyo, wanda kunnensa bai riga ya ƙware ba: idan an dasa ƙarafan wuyan jitar a gurbin da ba daidai ba, zai shafe watanni yana sabawa da karkataccen sauti, alhali mod kacokan a kan tazarar sautuka ya dogara. Kafin ka biya, ka gwada kowace tsirkiya ba tare da ka danne ta ba, sannan ka danne ta a gaɓa ta 12 ta wuyan jitar da na'urar saita sauti a hannunka: ya kamata na'urar ta nuna sauti mai suna ɗaya a duka biyun. Ƙaramin saɓani ana gyara shi a gadar jitar, amma idan wuyan ya murɗe, ka mayar wa mai shi kayansa, ka nemi bas mai lafiyayyen wuya ko da ba ka taɓa jin sunan kamfaninsa ba.